Ana Neman Mai Kula da Dattijo

Mutanen zauren ne suka laƙaba masa Mai Gadi. Tun yana jin haushin sunan, har ya dawo da kansa yake sa shi a ƙasan saƙonninsa. Zauren kuwa na imel ne: adireshi guda, duk wanda ya aika saƙo can sai ya faɗa akwatin kowane mamba. Masu haɗa intanet a ofisoshi ne suka kafa shi, su da masu jan kebul da masu wuni da na'urori, don in wani ya maƙale a wurin aiki ya jefo tambaya a fitar da shi kunya. Da farko abin gwanin daɗi. Daga baya sai aka mayar da wurin kasuwa. Wannan yana neman direba, wancan yana neman mai tsaron shago, wani kuma ƙanwar matarsa ce ta gama karatu, a taimaka don Allah. Mutum ya yi tambaya a kan na'urar da ta ƙi tashi, kafin a ba shi amsa tallace-tallace sun binne ta.

Mai Gadi ne ya tashi tsaye ya rubuta doka, aka kaɗa ƙuri'a ta wuce. Tallan aiki, in ba na sana'ar ba ne, ba ya shiga. Karon farko a mayar wa mutum da saƙonsa tare da gargaɗi, karo na biyu a cire shi daga zauren. Duk saƙon da aka yi shakkarsa sai ya tsaya a wani shafi da suke kira ɗakin jira, inda babu mai leƙawa sai shi da mataimakinsa, wani sarkin barkwanci da ake kira Dogo. A faɗi gaskiya, doka ta yi aiki, zauren ya dawo hayyacinsa. Mai Gadi ne dai bai dawo nasa ba. Yana cin abinci yana leƙa ɗakin jira, yana kan babur a tsaye a danja yana leƙawa, matarsa tana masa magana yana cewa "ina jin ki" idonsa na kan waya.

A gida kuwa babu wanda ya san wani Mai Gadi. Auta ne, su biyu rak a wurin Baba, shi da Yaya. Tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye aka sallamo shi daga asibiti, Yaya ce ta ɗauke shi zuwa gidanta. Malamar makaranta ce, mijinta direban babbar mota, ba ya zama. Ta roƙi hutu an ba ta, ta roƙi ƙari an ba ta da ƙyar, ran Litinin kuma dole ta koma aji. Wa zai zauna da Baba daga safe zuwa la'asar? Maganar ke nan da take ta kiransa a kanta, shi kuma yana ta cewa za su zauna su tattauna. Ga shi har Alhamis ta yi ba su zauna ba.

Ba rashin ƙauna ba ne, tsoro ne. Ranar da ya fara ganin Baba a gadon asibiti, baki a karkace, yawu na bin haɓa, sai ya kara waya a kunne ya fita baranda kamar an kira shi, alhali babu wanda ya kira. Tun daga nan ya koma aike. Ya aika da magani, ya aika da keken guragu sabo fil, ya aika da gaisuwa ta bakin matarsa. Ƙafarsa ce kawai ba ta zuwa.

Da safiyar Alhamis ɗin yana ɗakin na'urorin kamfaninsu, wurin da sanyi ke shiga ƙashi, fankokin na'urori na ta gurnani. Hannunsa ɗaya na cikin akwatin kebul yana laluben wadda ta kwance, sai wayar ta fara rawa a aljihu. Ya zaro, ya ga Yaya ce. Ya tsaya yana kallon sunan har ya ɓace. Zai kira ta in ya fito, haka ya ce wa kansa, kamar yadda ya ce jiya. To tunda wayar tana hannu, ai sai a leƙa ɗakin jira.

Yana da wata al'ada da yake alfahari da ita: ba ya buɗe saƙo, kan saƙon kawai yake karantawa ya yanke hukunci. Yakan ce wa Dogo talla tun daga goshinsa ake gane shi. Akwai tambaya a kan batir, ya sake ta ta wuce. Akwai sanarwar taro, ya sake ta. Sai wani daga sabon mamba: Ana neman mai kula da dattijo. Ya ja tsaki, ya danna "ƙi". Amsar gargaɗin da ya rubuta tun shekarun baya ta tafi da kanta, shi kuma ya mayar da hannunsa cikin akwatin kebul.

Bayan azahar aka tura shi wani otal da intanet ɗinsu ke yankewa a hawa na sama. Yana kan tsani, kansa cikin silin, tocila a baki, ƙura da yanar gizo-gizo sun cika masa gashi, wayar ta sake rawa. Da ya ga Dogo ne, tun kafin ta yi ƙara ta biyu ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe Mai Gadi, ɓarawon safe ya dawo," in ji Dogo. "Mai neman mai kula da dattijon nan, ya sake aikowa."

Ya cire tocilar daga baki. "To me kake jira? Karo na biyu ke nan. Cire shi."

"Ni? A'a, wannan ya fi ƙarfina. Ka buɗe ka karanta tukuna."

"Dogo, ina cikin silin."

"Ko cikin rijiya kake, ka karanta. Ina kan layi."

Ya sauko da kansa daga ramin silin, ya zauna a saman tsanin, ya buɗe. A can sama an ƙara layi guda: Na ga amsarku, na sake aikowa ne ko mai gadin bai karanta ba. Sai tallan ya biyo.

"Ana neman mai kula da dattijo daga ranar Litinin, safe zuwa la'asar. Ɓarin jikinsa ya shanye, amma hankalinsa garau yake, bakinsa ma bai mutu ba, sai an yi haƙuri da shi. Shayi yake sha da cokali, ba mai zafi sosai ba. Yana son rediyo, kuma a bar shi ya yi musu da masu karanta labarai, kada a ce masa ba sa jin sa. Namiji ake so. Ba sai mai takardar jinya ba. Sharaɗin guda ne, in an kira wayarsa ya ɗauka."

A ƙasa ga lambar waya. Bai buƙaci duba suna ba, lambar da ya haddace ce tun ranar da Yaya ta sayi wayarta ta farko. Tsanin ya ɗan yi girgiɗi har sai da ya dafa bango.

"Ka gani?" in ji Dogo, wannan karon babu wasa a muryarsa. "Ni ma lambar na gane, ita ta kira ni ranar da aka kwantar da Baba tana nemanka. Ka sake shi kawai ya wuce. Wa zai ce wani abu?"

"Kowa ma."

Kuma da gaskiyarsa. Akwai wani dattijon ma'aikaci da suke kira Babban Injiniya, wanda rabin mutanen zauren a hannunsa suka koyi matse kan kebul. Bara matarsa ta kamu da ciwon ƙoda, ya aiko da talla yana neman direban da zai riƙa kai ta asibiti. Aka mayar masa. Ya sake aikowa, Mai Gadi ya cire shi. An roƙa, an kira, har gida wasu suka sami Mai Gadi, ya ce doka ba sani ba sabo, in an buɗe wa ɗaya an buɗe wa dubu. Dattijon bai sake neman dawowa ba.

"Wanzami dai ba ya son jarfa," in ji Dogo. "To me za mu yi? Ko ka sake shi, ko ka cire Yaya. Ni dai hannuna ba ya ciki."

Ya katse kiran. In ya sake shi, ya ci amanar dokarsa, kuma duk zauren zai karanta cewa uban Mai Gadi yana kwance ana masa cigiyar baƙo. In ya cire ta, da wane ido zai kalle ta? Ya sauko daga tsanin, ya kai ƙarshen barandar otal ɗin ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo. Wata mai shara ta matsar da bokitinta daga hanyarsa. Ya kira Yaya, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta yanke. Ya sake kira, haka. Ransa ya ɓaci, har yana faɗa a fili wai mutum yana riƙe da waya a hannu amma ba zai ɗauka ba. Mai sharar ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

A nan ne dabara ta faɗo masa, irin dabarar da sai ɗan zauren ne zai yi ta. Tunda doka ce ta tare hanya, ai sai a gyara doka. Ya zauna a kan kwalin kebul ya rubuta wa zauren saƙo mai tsawo, da sakin layi da lambobi, yana ba da shawarar a ƙara wani sashe: tallan da ya shafi jinyar iyali ya riƙa wucewa, don tausayi da zumunci. Bai ambaci kowa ba. Ya karanta, ya ji abin ya tsaru, ya aika. Har ya ɗan ji iska ta shige shi.

Kafin ya koma kan tsani amsoshi sun fara zubowa. Wani ya ce madalla, dama an daɗe ana jira. Wani ya ce to jinyar wa, iyaye kawai ko har da surukai, in da surukai ne shi yana da talla uku a shirye. Wani ya tambaya ko ita kanta wannan muhawarar ba ta kauce wa manufar zauren ba. Wani ya rubuto layi ɗaya tak: sai a fara zuwa a ba Babban Injiniya haƙuri. Wani mai ido a tsakar ka ya ce, lafiya dai ko, wa ya kwanta a gidan Mai Gadi? Sai can wani mai ajiye tsofaffin saƙonni ya liƙo masa sashen ƙarshe na dokar, wanda shi da hannunsa ya rubuta: duk gyara sai an yi mako guda ana tattaunawa kafin a kaɗa ƙuri'a. Mako guda, Litinin kuwa tana bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuma yau ya ɗauko wuƙa.

Ya koma cikin silin, amma aikin ya ƙi. Ya matse kan kebul ya gwada, bai kawo ba, ashe launukan ya jera a juye, abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Ya yanke ya sake. Wayar kuma ba ta fasa zillo a cinyarsa ba, kowane motsi sai ya zaro ko Yaya ce, sai ya tarar wani ne yake ba wani amsa a kan surukai. Daga ƙarshe ya mayar da murfin silin, ya naɗe tsani, ya ce wa mai kula da otal ɗin akwai abin da zai sayo, sai gobe. Mutumin ya bi shi da ƙorafi har bakin ƙofa, bai juyo ba.

Hanya ta cushe, lokacin tashi daga aiki ne. Ya kutsa babur tsakanin motoci, madubinsa ya goga wata bas, direban ya leƙo ya aika masa da zagi, bai ko waiga ba.  Yana tafe yana shirya abin da zai faɗa wa Yaya, duk kuma faɗa ne: maganar gida ba a kai ta cikin mutane, shi ma ai yana da uzuri, manajansa ba ya ba da hutu ko mutum zai mutu, gidansa hawa na uku ne babu yadda za a hau da Baba. Hujjoji ne masu kyau, ya jera su tsaf. Da ya shiga layin gidan ya hango zannuwan gado a shanye a kan igiya, sai ya neme su ya rasa.

Yaya tana tsakar gida a sunkuye kan baho, warin maganin wanki ya cika wurin. Ta rame, abin da ya fara gani ke nan. A gefen ƙofar ɗakin Baba ga keken guragun da ya aiko, ledar hannunsa ma ba a cire ba, an jibga wankakkun kaya a kai. Wayarta tana kan taga, fuskarta a sama. Ya yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba, sai ta miƙo masa bakin wani jiƙaƙƙen zanen gado. Ya karɓa, suka fara murɗawa, ita ta nan shi ta can, ruwa na zuba a kan takalminsa.

"Ashe ka san hanya," ta ce.

"Yaya, na kira ki."

"Na gani. Ya ka ji daɗin ƙarar?"

Ya haɗiye wannan. "Keken fa, ba ya hawa?"

"Ƙofar ɗakin ta yi masa kaɗan. Da ka zo da ka gani." Ta karɓe zanen ta yarfa shi a kan igiya. "Murɗa wancan."

Ya ɗauko wani. "Amma don Allah me ya sa za ki kai maganar gida cikin mutane?"

"Waɗanne mutane? Ai babu wanda ya gani, daga kai sai dogon abokin nan naka. Matarka na tambaya, na ce wai ni ina ake samun mijinki? Ta ce Yaya, wuri ɗaya ne ba ya minti biyar bai leƙa ba, ni kaina na sha tunanin in aika masa cefane ta can. Ita ta ba ni adireshin." Ta share hannu a zaninta ta dube shi sosai. "Kuma kada ka ɗauka dabarar kamo ka na yi. Na wuce nan, Auta, na gaji. Da gaske nake neman mutum. Shugabar makaranta ta ce in ban shiga aji ran Litinin ba za su ba wata wurina, kuma ba ta yi laifi ba. An ce kuna da yawa a wurin nan, na ce ba za a rasa mai ɗan'uwa da ke zaune ba aiki ba."

"Doka ce ta hana, Yaya. Ina ƙoƙarin a gyara ta."

"Doka. Ai na ga dokar." Ta ɗaga kai kamar mai karanta allo a aji. "Wannan zaure ba kasuwa ba ne. Buƙatarka ba ta shafe mu ba. Ka nemi wurin da ya dace."

"Na'ura ce take aikawa da kanta."

"Ita ta rubuta?"

Ya ci gaba da murɗawa, ruwa na ɗiga daga zanen da ke hannunsa.

"Baba ma da na karanta masa cewa ya yi hausar ta tsaru."

Zanen ya kusa suɓuce masa. "Kin karanta masa?"

"Yo shi ya faɗi tallan ina rubutawa, ya tambaye ni amsa, in ce masa me? Layin ƙarshen ne kawai nawa, na ɗaukar waya." Ta karɓi zanen daga hannunsa. "Shiga, ya ji ƙarar babur ɗinka tun ɗazu."

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da kujerar roba da tebur cike da kwalaben magani. An jingina Baba da matasai, rediyo na magana ƙasa-ƙasa kusa da kunnensa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana aiki a gidan waya, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofar gida yara ke natsuwa, yau ga shi ya koma ɗan tsurut a cikin riga. Ƙafafun Auta suka so su juya, hannunsa har ya kai aljihu. Ya cire shi, ya durƙusa a gaban gadon ya gaishe shi.

"Auta." Maganar tana fita a hankali, ta gefe ɗaya na bakin. "Kai ne da ƙura a ka haka? Zauna."

Ya zauna a bakin kujerar robar.

"Yayarka tana fushi. Ni ban ga laifinka ba. Aiki aiki ne. Ni ma wasiƙa nawa na mayar don babu kan sarki a jiki." Ya tsaya ya huta, ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Sai dai ni nakan juya ambulan in ga daga wa take."

"Baba, ban sani ba ne, wallahi."

"Na sani. Bar wannan." Hannun hagun, mai lafiyar, ya lallaɓo ya kashe rediyon. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwan da Yaya ke zubarwa a waje. "Alfarma nake nema a wurinka. Ban saba ba, ka yi haƙuri in ban iya ba. Ka bar takardar nan ta wuce, sau ɗaya. Yarinyar nan za ta rasa aikinta a kaina. Kai na san ba ka da lokaci, ban ce ka zo ba. Ka dai buɗe mana, ko Allah zai sa a dace da wani."

Da zagi Baba ya yi, da ya fi masa sauƙi. Babu gori a muryar, babu habaici, roƙo ne tsakani da Allah, irin wanda ake yi wa ma'aikaci ta taga. Kunya da baƙin ciki suka taso masa lokaci guda. Ubansa ne yake neman alfarmarsa don a samo baƙon da zai ba shi shayi da cokali.

Ya zaro wayar. Saƙonnin muhawara sun taru jibgi, bai buɗe ko ɗaya ba. Ya shiga ɗakin jira, tallan yana nan shi kaɗai. Baba yana bin yatsansa da ido. Ya danna.

A waje wayar Yaya ta yi ƙara a kan taga. Aka ɗan jima, sai muryarta ta shigo ta labule: "Auta, na'urarka ta ce an kore ni."

"Karo na biyu ne, Yaya," ya ce. Ya juyo wurin Baba. "Ba zai wuce ba, Baba. An riga an samu mutum."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Mutumin ba shi da aiki ne?"

"Yana da shi. Gobe da safe zai je ya sami manajansa."

"In ya hana fa?"

"Ban sani ba, Baba. Amma ran Litinin yana nan."

 Baba ya mayar da idonsa kan silin, ya yi ta motsa baki kamar mai tauna magana. Can ya ɗan muskuta, fuskarsa ta canza, ya ce a hankali, "Kira min yayarka."

"Me kake so?"

"Ka dai kira ta."

"Baba, me kake so?"

Baba ya kau da kai. Da ya yi magana, bango ya faɗa wa. "Zagawa zan yi."

Auta ya ajiye wayar a kan tebur cikin kwalaben magani, ya cire takalminsa da ya jiƙe, ya naɗe hannun riga. "Ba sai an kira ta ba."

Dattijon bai juyo ba. Ya daɗe a haka, fuska a bango, yana numfashi. Sannan hannun hagun ya ɗago sama a hankali, kamar na yaron da ke son a ɗauke shi. Auta ya sunkuya ya sa wuyansa a ƙarƙashin hannun, ya zagaya nasa ta bayan Baba, ya tattara ƙarfinsa duka ya ɗaga. Saura kaɗan su faɗi ta baya, don babu nauyin da ya shirya wa. Ƙasusuwan haƙarƙarin suna motsi a tafin hannunsa ta cikin riga.

Suka nufi ƙofar banɗaki, ƙafa ɗaya tana takawa ɗayar tana jan ƙasa. A bakin ƙofar Baba ya tsaya, ya matse masa kafaɗa, ya yi magana a saitin kunnensa.

"Kada ka kalle ni."

"Ba zan kalla ba, Baba," ya ce, ya tura ƙofar da ƙafa.